Madubin da Hasiya Ta Ɓoye

A shekarun da arzikin fetur ke gina garin Sabha na ƙasar Larabawa, lokacin da mutum kan wayi gari ya ga bene ya tsiro inda jiya rairayi ne, akwai wani mutum a unguwar Tayuri da ake kira Sallau. 'Yan ƙasarsu Mushe suke ce masa, wato malam a bakin masu jin Faransanci, domin kafin fari ya taso shi malamin makaranta ne a wani ƙauye kusa da Tanut. Shekarar da shanu suka ƙare, iyaye suka kwashe 'ya'yansu suka yi kudu, aka bar shi da alli a hannu babu wanda zai koya wa. Sai ya hau motar arewa, shi da matarsa Maimuna da 'yarsu Hasiya, tana 'yar shekara biyar.

Ba su rasa abinci ba a Sabha. Sallau ya yi shekara biyu yana ɗaukar bulo, sannan ya sami aikin shara da tsaron ɗakin kimiyya a wata makarantar 'yan mata a unguwar Hajara, kuma albarkacinsa aka sa Hasiya a aji. Abin da suka rasa dangi ne. Hasiya 'yar fari ce, kuma a inda iyayenta suka taso, kunyar ɗan fari ake ji. Uwa da uba ba sa kiran sunansa, ba sa yabonsa a gaban mutane, ba sa fifita shi a kan ɗan wani. A can wannan ba ya cutar da yaro, saboda akwai masu yi a madadin iyaye: kaka ta goya, goggo ta yi kirari, kawu ya sa a kafaɗa ya zaga kasuwa. Su Sallau sun ɗauro kunyar a cikin kayansu, amma kakar da goggon suna can Tanut. Su kansu ba su lura da abin da suka baro ba.

Haka Hasiya ta kai shekara goma sha biyu, a gida sunanta "ke", in ana zancenta kuma "waccan". Ƙanwarta Asma'u, wadda aka haifa a Tayuri, sai a kira sunanta sau goma kafin a sha shayin safe.

A wannan shekarar ce wata babbar mota ta zo daga Tarabulus da akwatunan kayan kimiyya. Yawancinsu makarantar maza aka kai. 'Yan mata suka sami kwalabe da ma'auni da na'ura guda ɗaya tak mai nuna abin da ido ba ya iya gani, wadda a makarantar ake kira mijhar. Littafin da ya zo tare da ita babu Larabci a ciki, Ingilishi ne a shafin dama, Faransanci a shafin hagu. Sai ya zamana mai shara ne kaɗai ya iya karanta shi. Sallau ya harhaɗa na'urar, ya riƙa kwatanta shafin hagu da na dama har sunayen sassanta suka zauna masa da Ingilishi. Daga nan Ustaza Rabha, malamar kimiyya, wadda ba ta daɗe da dawowa daga karatu ba, ta ce shi zai riƙa nuna wa yara aikin hannu.

Aikin kuwa na haƙuri ne. A yanka albasa, a zaro siririyar fatar nan da ke manne a cikinta, a shimfiɗa ta a kan ɗan gilashi ba tare da ta naɗe ba, a ɗiga ruwan aidin, irin na wanke ciwo, a rufe da wani gilashin da ya fi farce siranta. A ƙasan mijhar akwai wani ɗan madubi zagayayye da ake juyawa wajen taga har ya kamo haske ya tura shi sama. In madubin bai kamo haske ba, duk iyawarka duhu za ka gani.

"Ku duba da kyau," in ji Sallau da Larabcinsa mai ƙamshin Hausa. "Ɗakuna ne a jere kamar bulo a bango. Na ɗauki bulo, na san shi. Amma wannan magini bai bar ko kafa ɗaya ba. Kowane ɗaki kuma da mai gidansa a zaune a ciki, ga shi nan, ɗan ɗigon nan."

'Yan mata suka yi ta dariya suna turereniya, suna kiransa Ammi, wato kawu, "Ammi Sallau, ni! Ammi Sallau, ni!"

Hasiya ba ta turereniya. Ta san ita ce ta ƙarshe a layi kullum. Amma a gida duk albasar da za a sa a miya sai ta bi ta hannunta, har Maimuna ta fara ƙorafin ana kawo mata albasa tsirara. Kafin wata biyu babu mai hannunta a ajin. Jimlolin Ingilishin da ubanta ke maimaitawa a hanya kuwa, yana gaba tana biye, ta haddace su tun kafin ya gama haddacewa.

Mai bi mata a ajin ita ce Sabriya, 'yar nan Hajara. Yarinya ce mai fara'a, ba ta taɓa yi wa Hasiya komai ba, wannan ma ya sa abin ya fi ciwo. Kullum in an tashi, ubanta Milad zai tsaya a bakin ƙofa da farar Fijo, ya leƙo da kai ta taga ya ƙwala kira, "Sabriya! Ya ayuni!" Wato idanuna. Sai ya karɓi littafinta ya ɗaga wa mai gadi, ya ce a zo a ga abin da 'yarsa ta samu. Hasiya takan tsaya a gindin katanga tana kallo har motar ta sha kwana.

Ana nan sai mudir, shugaban makarantar, ya sanar cewa ranar Alhamis ta sama za a yi baje kolin kimiyya. Jami'in ilimi zai zo, da wasu injiniyoyi Turawa biyu masu aikin hanya. Yarinya ɗaya za ta tsaya a gaban mijhar ta yi bayani da Larabci, sannan ta maimaita da Ingilishi. Tun daga lokacin Hasiya ba ta ƙara tunanin komai ba sai wannan tsayuwar. Ba baƙin ne suka dame ta ba. So take ta tsaya a wurin, ubanta yana gefe, a ga yadda zai yi ya ƙi kallonta.

Ran Asabar tana wanke gilasai a kusurwar ɗakin kimiyya, sai Ustaza Rabha ta shigo.

"Ammi Sallau, kai kake ganin hannunsu kullum. Wa za mu tsayar? Ni dai Hasiya nake gani."

Hasiya ta bar famfo yana zuba. Sallau ya sunkuyar da kai, ya shiga goge teburin da ya riga ya goge.

"Waccan? A'a, Ustaza. Ba ta kai ba tukuna. Ga Sabriya nan."

Da a Tanut ne, duk wanda ya ji wannan amsa zai yi murmushi ya ce, "Mushe ke nan, kawo ta dai." Amma Ustaza Rabha 'yar Sabha ce. A ganinta uba ya fi kowa sanin 'yarsa, in har ya ce ba ta kai ba, to akwai abin da ya gani. Sai ta ce, "To, shi ke nan, Sabriya." Ta fita. Sallau ya bi bayanta da kallo kamar mai jiran ta juyo ta sake tambaya. Ba ta juyo ba.

Da la'asar Hasiya ta sami uwarta tana tankaɗe a tsakar gida.

"Inna, Ustaza ni ta zaɓa. Baba ne ya ce ban kai ba."

"To, so kike ya buɗe baki a gaban mutane ya ce tawa ta fi? Ina kunya?"

"Baban Sabriya yana faɗa kullum. Har mai gadi yake nuna wa."

"Baban Sabriya da al'adarsu, mu da tamu. Ke, miƙo mini ƙwaryar can."

"Asma'u fa? Ita ba a jin kunyarta?"

"Asma'u daban. Ke ba yarinya ba ce, ki bar wannan zance."

Hasiya ta miƙa ƙwaryar. Ba ta ga wata al'ada a ciki ba. Abin da ta gani shi ne an tambayi ubanta, ya tsallake ta ya nuna 'yar wani.

Kwanakin da suka biyo baya sun fi mata kowane zafi. Bayan an tashi, Sallau kan tsaya da Sabriya yana gyara mata jimlolin Ingilishi, Hasiya kuma tana zaune a kan matakala tana jiransa su tafi gida. Ta taga take jiyo su. Sabriya ta yi tuntuɓe a kalma, Hasiya ta ƙarasa ta a zuciyarta. Sabriya ta faɗa daidai, sai muryar Sallau, "Madalla, Sabriya! Haka nake so, Sabriya!" Duk sanda sunan ya fito daga bakinsa sai ta ji kamar an soka mata ƙaya. Ta lura da yadda yake jan ƙarshen sunan, ta gwada a ranta yadda nata zai fito da wannan muryar, ta kasa, domin ba ta taɓa ji ba.

Ran Talata ya leƙo ya ce, "Ke, zo ki yi mini guda ɗaya, in ga ko kin manta."

Ta shiga ba ta kalli kowa ba. Da haushi ta yanka albasar, amma hannunta bai san haushi ba. Fatar ta fito ɗaya, ta kwanta sumul, ko ƙwayar iska ba ta shiga ƙarƙashin gilashin ba. Sallau ya sa a mijhar, ya daɗe yana dubawa. Da ya ɗago sai ya ce, "To." Ya ajiye gilashin a gefe, ya juya wajen Sabriya.

Washegari, Laraba, ya ce ta lulluɓe na'urar da mayafinta kafin ya dawo daga zubar da shara. Hasiya ta tsaya ita kaɗai a ɗakin. Ta san ɗan madubin a kan wani ƙarfe mai baki biyu yake, in an ja shi a hankali zai fita. Ba ta yi dogon tunani ba. Ta ja, ya fito, ta ƙulle shi a bakin ɗankwalinta, ta lulluɓe mijhar. Gobe Sabriya ta leƙa ta ga duhu, baƙi su leƙa su ga duhu, sai a ga inda madalla za ta fito.

A hanyar Tayuri ƙullin yana bugun wuyanta. A gida ta rasa inda za ta ɓoye shi, ɗaki ɗaya ne kuma babu lungun da hannun Maimuna ba ya kaiwa. Da safe ta koma makaranta da shi a ɗankwali.

An share fili, an jera kujeru, an kawo lemo cikin akwati. Saura sa'a guda baƙi su iso Sallau ya yaye mayafin. Hasiya tana cikin 'yan matan da ke bakin ƙofa. Ta ga hannunsa ya tafi wajen madubin kamar yadda ya saba, ya taɓa wayam. Ya duba ƙarƙashin tebur, ya duba akwati, ya zazzage mayafin. Aka kira mudir.

Mudir mutum ne mai saurin hawa, ga kuma tsoron jin kunya a gaban jami'i. A gaban yara ya buɗe murya.

"Mabuɗin ɗakin nan a hannun wa yake? A hannunka! Mun ɗauke ka daga ɗaukar bulo mun ba ka amana, yau ka ce madubi ya yi ƙafa? In baƙin nan suka zo ba a gani ba, ka ajiye mini mabuɗina ka koma inda ka fito!"

Sallau ya tsaya da hannuwansa a baya, kansa a ƙasa. Ya san wanda ya lulluɓe na'urar jiya. Bai ɗago ya dubi bakin ƙofa ba, ko sau ɗaya. Ya ce, "Laifina ne, ya mudir. Zan nema."

Hasiya ta zame ta tafi bayan tankin ruwa. Ba haka ta shirya ba. Sabriya ce ta so ta kunyata, ga shi nata uban aka tsayar kamar yaro. Tana nan sai ga Sabriya ta zagayo, idanunta jawur, ta zauna a kan bututu ba ta ma tambayi abin da ya kawo Hasiya wurin ba.

"Kwana biyar ina haddar nan," in ji Sabriya, "yanzu duk ta tashi a banza. Ke ma asararki ce, ai."

"Ni? Ina ruwana? Ke aka zaɓa."

"Gilashinki za a nuna, mana. Na ran Talata. Ba ki sani ba?" Sabriya ta share hanci da bakin hannun riga. "Na yi guda shida, duk babanki ya ce a wanke. Na ce Ammi, ko ɗaya? Ya ce baƙi za su zo daga nesa, abin da ya fi kyau za a sa musu. Wallahi na gaji da ke, Hasiya. Kullum, kalli hannun waccan. Ji yadda waccan ke faɗin kalmar. Waccan, waccan! Ni babana da zai san rabin abin da naki ya sani, da ban zauna ina jin labarin wata ba. Shi littafina ma a juye yake ɗaga wa mai gadi."

Hasiya ta dube ta. Ba wasa take yi ba, haushi ne sosai a fuskarta, irin wanda Hasiya ta sani sarai.

Ta tashi ta koma ɗakin kimiyya. Sallau na durƙushe yana laluba bayan kabad, Ustaza Rabha na gwada madubin jakarta a ƙarƙashin na'urar, hasken yana ta tsalle ya ƙi tsayawa. Hasiya ta kwance bakin ɗankwalinta, ta je ta tsaya a kan ubanta.

"Baba."

Ya juyo. Ta sa masa madubin a tafin hannu. Ya dubi madubin, bai dube ta ba. Ya miƙe, ya hura shi, ya goge da bakin rigarsa, ya mayar da shi mazauninsa, ya juya shi wajen taga a hankali. Ya sa ido, sannan ya ja da baya.

"Ke, zo ki duba ko ya daidaita," ya ce da Hausa. "Idonki ya fi nawa."

Ta sunkuya. Hawaye ya hana ta gani da farko, sai da ta ƙifta. Ga ɗakunan nan a jere, rawaya-rawaya, kowanne da mai gidansa. Ta ɗan taɓa madubin kaɗan, hasken ya cika.

Mudir ya shigo yana haki. "An gani? A ina?"

"An samu, ya mudir," in ji Sallau.

"Ni na ɗauka," in ji Hasiya da Larabci. "Jiya. Bai sani ba."

Mudir ya buɗe baki, sai ga ƙarar motoci a ƙofa. Ustaza Rabha ta yi sauri ta ce ita za ta hukunta ɗalibarta: ba za ta shiga wajen baje kolin ba, kuma bayan an watse ita za ta wanke duk gilasan ɗakin. Ta faɗi haka tana kallon Sallau, kallon wadda ta fara zargin ta yi kuskuren fahimtar wani abu.

Saboda haka daga waje, ta taga, Hasiya ta ga baje kolin. Sabriya ta yi Larabcinta lafiya, a Ingilishi ta yi tuntuɓe sau biyu, kuma duk da abin da ya faru sai da Hasiya ta ji ɗan daɗin tuntuɓen, ta kuma ji kunyar jin daɗin. Milad ya fi kowa tafi. Ɗaya daga cikin Turawan ya daɗe a kan mijhar, ya ɗago ya tambayi wanda ya shirya gilashin. Hasiya ta gane tambayar tun kafin a fassara. Sallau ya dubi ƙasa ya ce, "Wata yarinya ce a ajin."

Da aka watse, ta tsaya a bakin famfo tana wanki, shi yana share ɓawon lemo. Ta gama na tebur, ta buɗe kabad ta ga wani gwangwanin shayi cike da gilasai a tsaye. Ta ɗauko za ta juye a ruwa.

"Bar waɗannan," in ji Sallau da sauri. "Ba a wanke su."

Ta zaro ɗaya. An liƙe gefensa da ƙaro don kada iska ta shiga, ga 'yar takarda a manne da kwanan wata da rubutunsa na Faransanci. Babu suna. Fatar ta bushe ta yi ja, ta naɗe a kusurwa ɗaya, ga ƙwayar iska ƙatuwa a tsakiya. Ta gane shi. Shi ne na farkon da ta taɓa yi, ranar da ta ji kamar ta nutse don muninsa. Ta zaro na biyu, da na uku. Har wanda ta yi ranar da take mura yana nan. Sallau ya zo ya ɗauki na ran Talata daga kan na'urar, ya sa shi a ƙarshen layi, ya rufe gwangwanin.

Suka kama hanyar Tayuri da rana tsaka, yana gaba tana biye. Sun wuce inda ake gina sabbin benaye, manyan motoci na sauke siminti, sai ya rage tafiya har ta kusa cim masa. Bai juyo ba, kamar da hanya yake magana.

"Ni ma ɗan fari ne. Har tsohona ya rasu ban ji sunana a bakinsa ba." Ya yi 'yan taku. "Amma ni ina da kaka. Ita ke faɗa mini abin da yake cewa in ba na nan."

Hasiya ta ci gaba da bin bayansa. Ta so ya kira sunan ko sau ɗaya, kuma ta san gobe in ta ji "ya ayuni" a bakin ƙofar makaranta sai abin ya sake sukar ta. Amma a ranar Hasiya ta gane cewa ubanta yana ganinta tun daga gilashin farko, sunanta ne kawai ba zai iya faɗa ba.